Daga Baki Zuwa Baƙi: Nasiha ga Matasa Masu Zanen Fuska

Kwanakin baya wani yaro ɗan aji biyar na sakandare ya kawo mini zanen da ya yi na mahaifiyarsa. Ba laifi, hannunsa yana da kyau. Ya kama kamanninta, har ɗan karkacen da take yi wa ɗaurin ɗankwali ya fito. Maimakon ya yi inuwar fuskar da fensir kamar yadda aka saba, sai ya cike goshi da kumatu da wuya da ƙananan rubutu na biro, irin salon nan da matasa ke gani a waya suna kwaikwayo. Na matso da takardar kusa da idona don in karanta. Turanci ne zalla, kalaman yabon uwa da ya kwaso daga intanet, irin waɗanda ake bugawa a jikin kati. Na ce masa, “Mamarka tana jin Turanci?” Ya ce a'a. Na ce, “To cikin duk abin da ka rubuta a fuskarta, akwai kalma ɗaya da ta taɓa fita daga bakinta?” Ya sunkuyar da kai yana murmushi, bai ce komai ba.

Ban faɗi haka don in kashe masa gwiwa ba, shi ma ya sani, domin har yanzu yana zuwa wurina. Amma abin ya tsaya mini a rai, saboda ba shi kaɗai ba ne. 'Ya'yana maza da mata da kuka ɗauki wannan hanya ta haɗa zanen fuska da rubutun hannu, na ga ayyukanku da dama, kuma ciwon ɗaya ne. Kun ƙware wajen cika fuska da baƙaƙe, ba ku damu da inda baƙaƙen suka fito ba. Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara. Kalmar da ka aro a waya ka liƙa wa mahaifiyarka, komai daɗinta, ba za ta rufe ta ba. Za a ga kamanninta, a karanta maganar wani can daban. Abin da nake so ku riƙe daga gare ni shi ne, baƙin da za ku rubuta a fuskar mutum ya zamana daga bakinsa ya fito, ko daga rayuwar da ya yi. Duk bayanin fensir da tawada da inuwa da zan yi a gaba, wannan maganar yake yi wa hidima.

Haɗa siffar mutum da rubutu ba wayar hannu ce ta kawo shi ba. A Istambul an yi wani gwanin rubutu mai suna Hafiz Usman, wanda ya rayu daga 1642 zuwa 1698. Shi aka sani da tsara abin da ake kira hilya, wato siffofin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar yadda aka ruwaito daga Sayyidina Aliyu, a rubuce cikin wata da'ira a tsakiyar takarda, jinjirin wata ya tallafe ta, sunayen halifofi huɗu suna kewaye. Ba ido, ba hanci, ba zanen komai. Amma mutum ya tsaya gabanta ya karanta, sai siffar ta taso masa a zuci, har ake rataye ta a bangon gidaje. Ka ga ke nan kalma, idan ta gaskiya ce kuma an zaɓe ta da kyau, tana iya ɗaukar nauyin kamannin mutum ita kaɗai. Abin da ke da irin wannan ƙarfi bai kamata a mayar da shi barbaɗen ado bayan an gama aiki ba.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malami ne mai makarantar allo, don haka da allo da tawada ya buɗe ido kamar yawancinmu. Ya tafi Landan ya yi karatun zane a makarantar Slade a tsakiyar shekarun 1950, ya dawo gida da ƙwarewa irin ta Turawa, ya baje kolin ayyukansa a Khartum. Mutanen gari ba su kula ba. Maimakon ya ce mutanensa ba su waye ba, kamar yadda wasunmu kan yi in an ƙi yaba musu, sai ya tambayi kansa da me idon Basudane ya saba. Amsar ita ce harafin Larabci. Ya fara shigar da haruffa cikin zanensa, daga baya ya riƙa farfasa su yana miƙar da su, har wasu dogayen fuskoki masu zurfin ido suka riƙa ɓullowa daga cikin haruffan. A 1975, zamanin mulkin Numeiri, aka kama shi bisa zargin yana da hannu a wani yunƙurin juyin mulki, aka tsare shi kimanin wata shida a kurkukun Kober ba tare da shari'a ba. A can ɗin, da guntun fensir da yagaggun takardun buhun siminti yake zane a ɓoye, ya binne su cikin rairayi don kada gandurobobi su gani. Bayan ya fito ya cika littafi guda da zane da rubutun hannunsa a kan abin da ya gani. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya baje kolin aikin rayuwarsa. Duk ranar da ɗayanku ya ce mini rashin kayan aiki ne ya hana shi zane, takardar buhun simintin nan nake tunawa.

To ta ina za a fara? Da kunne. Kafin ka fiƙe fensir, nemi ƙaramin littafi ka je ka zauna da wanda za ka zana, zama ba ɗaya ba, ba biyu ba. Idan kakarka ce, zauna kusa da ita tana tsintar shinkafa ko gyaran zogale. Kada ka ce mata, “Faɗa mini magana mai hikima in rubuta,” domin ko dai ta yi maka dariya, ko ta maimaita maka wa'azin da ta ji a rediyo. Ƙyale ta ta yi hirarta. Kowane baki yana da kalmomin da ya saba taunawa: laƙabin da take kiran ɗan farinta da shi saboda alkunya, kirarin da take yi wa jikan da ta fi so, tsawar da take daka wa awaki in sun shiga rumbu, zancen shekarar da aka yi fari suka bar ƙauye. Akwai kuma kalmomin da sana'a ke bar wa mutum. Tsohon tela yana da lambobin awo a kansa, tsawon hannu da faɗin ƙirjin mutanen da wasunsu sun daɗe da kwanta dama. Tsohon direban babbar mota zai jero maka hanya kamar yana karatu, Zariya, Kaduna, Birnin Gwari, Tegina, Jebba, Ilori, Badun, har Ikko. Mai ƙosai tana da lissafin mudun wake da kwalbar mai. Waɗannan su ne kayan aikinka, kuma ba wata waya da za ta ba ka su.

Rubuta su yadda aka faɗe su. Idan Basakkwaciya ce ta ce “ya zaka”, kada ka mayar mata da shi “ya zo”. Ba jarrabawar Hausa kake rubutawa ba. Da zarar ka gyara mata harshe, ka riga ka fara zana wata matar.

Tana magana, idonka yana kan fuskarta. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuskar da za ta ba ka amsa ba ita ce wadda mutum ke ɗaurewa in an nuna masa kyamara ba, irin fuskar hoton fasfo. Wadda kake nema takan leƙo ne ta koma: lokacin da aka ambaci sunan mamaci gira ta ɗan sauko, ko aka tuno wani abin dariya gefen baki ɗaya ya riga ɗayan motsawa. Yi ƙananan zane-zane na sauri a gefen littafinka, minti biyu-biyu, ko da ba su yi kyau ba. Ɗauki hoto da waya in kana so, zai taimake ka wajen awo, amma kada ka bari ya zama shi kaɗai ne abin dubawarka. Hoto daƙiƙa ɗaya ya gani, kai kuwa ka ga mako guda.

Sai ginin fuskar. A nan zan ɗan ɗaure muku fuska, domin na lura wasunku suna ɓuya ne a bayan rubutu saboda hanci ya gagare su. Rubutu ba ya gyara zanen da ƙashinsa ya karkace. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai idon ɗan koyo yakan yaudare shi, musamman wajen ɗaga idanu sama ya cinye goshi. Idanu a tsakiyar kai suke, tazarar da ke daga tsakar ka zuwa ido kusan daidai take da wadda ke daga ido zuwa haɓa. Tsakanin ido da ido, kimanin faɗin ido ɗaya ne. Daga mafarin gashi zuwa gira, daga gira zuwa ƙasan hanci, daga ƙasan hanci zuwa haɓa, kusan kashi uku ne daidai. Kunne kuma yakan faro daga saitin gira ya sauka saitin ƙasan hanci. Waɗannan ma'aunai na kowa da kowa ne, kamanni kuwa yana wurin da mutum ya saɓa musu: goshin da ya fi faɗi, idon da ya fi ɗan'uwansa lumshewa, wushirya, tabon sallah, bille ko zuben da aka yi masa yana jariri. Kada ka yi wa mutum gyaran da bai roƙe ka ba. Tamojin da ke goshin tsohuwa shekara saba'in aka yi ana rubuta su, ba naka ba ne da za ka goge. In ka gama jan layin farko, ɗaga takardar gaban madubi. Kuskuren da idonka ya saba da shi har ya daina gani, madubi zai tona shi nan take.

Zaunar da mutumin kusa da ƙofa ko taga, haske ya zo masa ta gefe ɗaya, da hantsi ko da la'asar. Ranar tsaka da fitilar waya duk suna baje fuska ne su kashe ta. Ka ɗan runtse idonka har abubuwa su dusashe, za ka ga fuskar ta rabu gida uku: inda haske ya sauka, inda duhu ya taru, da abin da ke tsakani. Shata iyakokinsu da fensir mai HB, a hankali, yadda za su gogu daga baya. Daga nan rubutu ya karɓi aikin inuwa. Inda duhu yake, kamar ƙarƙashin haɓa, kwarmin ido da gefen hanci, ƙanƙanta baƙaƙen, ka matse su, ka haye su da wani layin sau biyu ko uku. A tsaka-tsaki layi ɗaya ya isa, da ɗan fili tsakanin kalmomi. Inda haske yake kuwa ka ɗauke hannunka, farar takarda ta yi aikinta. Wannan na ƙarshen shi ya fi wuya, domin hannu ya riga ya ji daɗin rubutu ba ya son tsayawa. Kuskuren da na fi gani a zanen mutanenmu shi ne, don mutum baƙi ne sai a cike fuskar duka da tawada, ta zama dunƙulen duhu. Je ka dubi fuskar baƙin mutum da safe. Goshi yana ƙyalli, karan hanci yana ƙyalli, haka saman kunci da leɓen ƙasa. Baƙar fata ta ma fi kowace nuna haske, kuma a wuraren ƙyallin nan ne siffar take tsayawa.

Layin rubutun ma kada ya tafi ɗoɗar kamar na jarida, in ba haka ba fuskar za ta kwanta shamɓal kamar faranti. Manomi ya san kunya tana bin yadda gona ta kwanta. Haka layinka zai bi tudun kunci ya lanƙwasa, ya kewaya baki, ya gangara ta muƙamuƙi, ya bi naɗin rawani ko ninkin mayafi. Idanu kuwa ni a ganina a bar su ba rubutu. Zana su da fensir mai laushi, 4B ko 6B, ka bar ɗan ɗigon fari a ƙwayar. Mai kallo da ido yake fara gaisawa. In ya tarar da kalma a wurin, zai tsaya karatu ya manta da mutumin.

Ga wata dabara mai sauƙi. Samu biro da ya ƙare, ka danna shi ka yi rubutu a takardar, ba za a ga komai ba sai gurbi. Sannan ka kwantar da fensir ka shafa a kai. Baƙaƙen za su fito farare tas a cikin duhu. Kenturah Davis, wata Ba'amurkiya mai zane da ta zauna a Accra ta Gana, ta yi suna da zanen fuskoki ta hanyar maimaita rubutu, wani da hannu, wani da hatimin roba mai haruffa, wani kuma da irin wannan gurbi da ake shafa fensir a kansa. Daga nesa hoton mutum za ka gani, sai ka matso ka tarar kalmomi ne.

Kada ka ji kunyar rubutun hannunka. Yanzu akwai manhajar da za ka ba hoto da jimla, kafin ka ƙifta ido ta cika maka fuska da haruffa masu kai ɗaya. Ba ta gajiya, ba ta kuskure, shi ya sa aikinta ba ya motsa kowa. Hannunka kuwa yana rawa in ka zo kan kalmar da ta taɓa ka, yana matsewa in ka gaji, kuma mai kallo yana jin wannan ko bai san daga ina yake ji ba. Ku da kuka yi makarantar allo kuna da gadon da ba ku san darajarsa ba, domin hannu biyu gare ku. Boko a tsaitsaye yake, ya dace da cika wuri da tara duhu. Ajami kuwa haruffansa a sarƙe suke, ana iya jan su a miƙar, ga ɗigo da wasali da ke ba shi kwalliya, don haka ya dace da gemu, da gashi, da yadin da ya zubo. Wanda ya taɓa zura wa rubutun Sharu Bala Gabari na Kano ido ya san irin kauri da nutsuwar da alƙalamin ƙasar nan ke iya bayarwa, haka wanda ya ga allon zayyana ranar sauka. In da boko za ka yi, to ka ba ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu. Baki daban, baƙi daban, kuma a wannan aikin duka biyun kake riƙe da su. Abin da ya fi duk wannan, in mutumin ya iya rubutu, miƙa masa alƙalamin ya rubuta layi ɗaya da hannunsa a jikin zanen, ko sunansa ne kawai. In bai iya ba, ya dangwala yatsa. Za ka ga duk wanda ya san shi nan zai fara kai ido.

Ba dole ne a cika fuska da rubutu ba, kuma ba dole ne a iya karanta duk abin da aka rubuta ba. Frida Kahlo ta ƙasar Meziko, a 1940, bayan aurenta da Diego Rivera ya mutu, ta zana kanta zaune a kujera cikin kwat ɗin maza, almakashi a hannu, gashin da ta yanke warwatse a ƙasa. Rubutun da ta sa ɗan kaɗan ne, a can sama, baitin wata waƙa da mutanen ƙasarta suka sani, mai magana a kan gashi da ƙauna. Wani zai ce ai ita ma arowa ta yi. Haka ne, amma ta aro abin da ya faɗa daidai kan ciwonta, har ya zama nata. In kakarka tana da karin maganar da ba ta kwana ba ta faɗe shi ba, ai ya zama nata ko ba ita ta ƙirƙira ba. Jean-Michel Basquiat na New York kuwa rubuta kalma yake yi sannan ya soke ta, don ya san ido ya fi son leƙa abin da aka ɓoye. Shirin Neshat 'yar Iran, tsakanin 1993 da 1997, ta ɗauki hotunan mata baƙi da fari ta bi fuskokinsu da tafukansu da rubutun Farisanci, waƙoƙin mata marubuta na ƙasarta. Lalla Essaydi 'yar Maroko da lalle take nata rubutun, a fatar mata da tufafinsu har da bangon ɗaki, kuma abin da take rubutawa tunaninta ne da labarin rayuwarta. Ku 'yan mata da kuka iya zanen lalle, ku lura da wannan da kyau: hannun da ya iya jan siririn layi a tafin amarya bai rasa komai ba wajen wannan aiki. Shawarata ita ce ka zaɓi jimla ɗaya ko biyu da kake so a karanta, ka ba su fili da girma a inda ido zai same su. Sauran su nitse cikin inuwa, wanda ya matso ya tsinci abin da ya tsinta.

Yanzu bari in ba ku labarin wautar da na tafka, don kada ku maimaita. Ina da shekara ashirin da 'yan kai na zana kakata. Na yi duk abin da na faɗa muku, na zauna da ita, na cika littafi da maganganunta. Cikin hirar ta faɗa mini wata magana a kan kishiyarta, abin da ya faru tun suna amare, ta faɗa tana dariya, ni ma na yi dariya. Da na zo yin inuwar wuyanta sai na sa maganar a ciki, ƙanana-ƙanana, ina ganin ba mai iya karantawa. Aka sa zanen a firam aka rataye a falo. Ranar wani suna, jikar kishiyar, yarinya mai kaifin ido, ta tsaya gabansa ta karanta da ƙarfi, mata cike da ɗaki. Ba sai na faɗa muku yadda taron ya watse ba. Kakata ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska, abin da ta ce mini kawai shi ne ita da jikanta ta yi hira, ba da bango ba. Magana zarar bunu ce, ta baki ma ke nan, balle wadda aka sa wa tawada. Tun daga ranar ban ƙara rubuta kalma a fuskar kowa ba sai na karanta masa ita ya ce ya yarda. Ku ma ku yi haka. Ku nemi izini kafin ku zana mutum, ku sake nema kafin ku rubuta maganarsa, ku kuma nema kafin ku ɗora a Facebook ko Instagram, musamman in mace ce. Abin da aka faɗa muku cikin amana, a bar kaza cikin gashinta.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba, domin na san iyayenku za su tayar da ita. Malamai sun yi saɓani a kan zana abu mai rai. Abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne haramcin yana kan mutum-mutumi cikakke mai inuwa, zanen da ke shimfiɗe a takarda kuwa ana ƙinsa ba tare da an kai shi haramun ba. Wasu malaman sun tsananta fiye da haka. Ni ba mai fatawa ba ne. Je ka tambayi malamin da ka amince da iliminsa. In ka ga barin fuska ya fi maka kwanciyar hankali, hanya ba ta toshe ba. Hular mutum da tabaraunsa da sandarsa, ko keken ɗinkinsa, in ka zana su da kalmominsa, duk wanda ya san shi zai ce wane ne. Abin da zan hana ku da babbar murya shi ne rubuta ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a cikin zanen fuska. Rubutun inuwa sai an haye shi an cakuɗa, takarda kuma tana faɗuwa ƙasa, wata rana a ƙunshe ƙosai da ita. Hausarmu cike take da ambaton Allah, don haka ku tace maganar kafin ku ɗora.

Kayan aiki ba su da yawa. Fensir uku, HB da 2B da 6B, da reza, da kilina, da biro baƙi. Takardar fotokofi mai nauyin giram 80 ta isa koyo, amma in za ka sa tawada nemi mai kauri, don siririya tana cukurkuɗewa. Tawadarmu ta gargajiya, ta gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro, da alƙalamin kara, tana ba da baƙi mai daɗin kallo, sai dai ka tuna don a wanke ta aka yi ta, ɗigon gumi ɗaya zai ɓata maka aikin kwana uku. Sa wata takarda ƙarƙashin hannunka kana aiki. Biro kuma yana kodewa in rana tana dukansa, don haka kada a rataye zanen saitin taga. Ajiye shi nesa da laima da gara. A bayan takardar rubuta sunan wanda ka zana, da garin, da ranar, da maganganun nasa a fili yadda za a iya karantawa, saboda jikan da zai zo bayan ba ku.

Yaron nan da ya zana mahaifiyarsa ya dawo makon jiya. Bai kawo zane ba, littafi ya kawo, shafi huɗu cike da maganganun mahaifiyarsa. A ciki har da yadda take tashinsa da asuba, da abin da take faɗa in tuwo ya yi gudaji, da sunan wata ƙanwarsa da ta rasu tun bai yi wayo ba, wadda ya ce bai taɓa jin ta ambata ba sai da ya zauna. Ya tambaye ni ko ya fara zanen. Na ce ya fara zuwa ya tambaye ta ko ta yarda a sa sunan yarinyar, sannan ya ƙara mako guda yana saurare. Ku ma duk wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida, ya nemi littafinsa ya je ya zauna tun yau, tun suna nan.